Awon Ƙugun Baba Tela

Tun ranar Litinin da suka dawo daga asibiti Baba Tela yake faɗa da wata nas wadda ba ta ma san yana yi ba. Auta, 'yarsa da ke ɗinki tare da shi a shago, ita ta raka shi, saboda jirin da ke ɗibarsa idan ya miƙe daga kan keken ɗinki. A gabanta nas ɗin ta ɗora shi a sikeli, ta ce nauyin da sauƙi. Sannan ta zaro tef, ta sa ya ɗage riga ya saki numfashi, ta zagaya shi daidai cibiya. Inci arba'in da uku. Ta ce kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi ja wa mutum ciwon zuciya, ko da hannuwa da ƙafafu sirara ne irin nasa, kuma bai kamata ƙugu ya wuce rabin tsawon mai shi ba. Ta ba shi takardar gwajin zuciya, Alhamis da safe.

Baba ya ce ba inda za shi. Shekara arba'in yana auna mutane, wai yau yarinyar da ko maɓalli ba ta iya sawa ba za ta faɗa masa ƙugunsa. Talatin da shida ne tun kafin a haife ta, ga wandunansa nan shaida. Takardar kuwa ya ninke ta huɗu ya tokare ƙafar teburin yanka da ke rawa.

Auta ba mai musu ba ce. Ko kwastoma ya ɗaga murya sai ta hau ba shi haƙuri. Amma kullum ta kalli takardar nan sai ta tuna Baffa, ƙanin Baba, mai irin jikinsa sak, wanda bara ya dafe ƙirji a bakin famfo bai sake tashi ba.

Laraba da rana Direba, aminin Baba, ya zo karɓar ɗinki. Tun daga ƙofa ya nuna tumbin Baba, ya ce tsohon cikin nan wata nawa ne, don su fara tanadin kayan jariri. Baba ya ce ai gwano ba ya jin warin jikinsa, sannan ya kwashe labarin nas ya zayyane masa. Don a kashe magana, ya cire tef daga wuyansa ya miƙa wa Auta.

"Zo ki auna ni, 'yar gidan tela. Ya gani da idonsa."

Ta san inda yake nufi. Shi ya koya mata: ƙasan tumbi, inda wando ke zama. Nan ne wurin da bai canza ba shekara ashirin, tumbin ya yi ta girma a samansa kamar rumfa. Ta ɗaga tef ɗin, ta wuce bel, ta tsaya a kan cibiya.

"Ƙasa," in ji Baba.

"A'a, Baba."

Direba ya daina dariya. Ta haɗa bakin tef ɗin, ta karanta da ƙarfi yadda har mai shagon kusa zai ji: arba'in da uku.

Baba ya tambaye ta ko a wurin wa ta koyi wannan awon banzan. Ta ce awon wando a wurinsa ta koya, kuma ba ta raina shi ba, amma nas ba wando za ta ɗinka masa ba. Ya ce to ta tattara almakashinta ta koma asibitin su ɗauke ta aiki. Ta ce za ta fita, amma ko a titi aka tambaye ta, arba'in da uku za ta ce.

"Na yi shiru a kan na Baffa, ni nake ƙara masa faɗin riga duk shekara. A kan naka ba zan yi ba."

Ba ta fita ba. Ta durƙusa ta zaro takardar daga ƙarƙashin teburin, ya karkata, alli ya gangara ƙasa. Ta shafe ƙurar, ta shimfiɗa ta a kan kekensa, daidai ƙarƙashin allura.

Baba ya fizge tef ɗin, ya juya musu baya, ya zagaya shi a cibiyarsa da kansa. Auta na ganin kafaɗunsa sun ɗaga, ya haɗiye numfashi kamar mai shirin nutso.

"Arba'in da biyu," ya ce, yana haki. "Ba na faɗa ba? Ita da ke duk ba ku iya ba. Gobe zan je in nuna mata kuskurenta da hannuna."

Direba ya buɗe baki zai yi magana, Auta ta harare shi, ya rufe. Ta tambayi Baba ko su tafi ƙarfe bakwai. Ya ce shida da rabi, shi ba ya bin layi.