Garin da Azeta Ke Tsallakewa

A unguwar Moshi Zongo ta Tamale idan aka ambaci Azeta, mata sukan ce, "Waccan? Ƙafar akuya gare ta, amma riƙon raƙumi."

Aikinta ɗaukar baƙi masu hutu daga Tamale zuwa hawan duwatsun arewa. Ƙungiyar da take wa aiki a unguwar Gurugu ta bar mata zaɓin hanya. Duk ƙauyen da baƙi suka kwana, nan ake sayen abinci, a ɗauki 'yan dako, wani kaso na kuɗin tafiya kuma ya shiga aikin gari. Ƙauyuka huɗu sun sami famfon burtsatse ta haka. Na biyar, inda aka haife ta, har yau ruwan kududdufi suke sha. Shekara shida tana kewaye shi. Idan baƙo ya hango rufin ɗakunan daga kan dutse ya tambaya, sai ta ce, "Babu kowa can."

Tana 'yar shekara tara wani jariri ya mutu a garin. Ziblim, wan mahaifinta, shi ya fara kiran uwarta, Mma Lariba, mayya a gaban jama'a, ya watso kayansu waje.

Bana da ƙishi ya tsananta, dattawan garin suka aiko wa Azeta da goro. Ta mayar. Suka aiko da zabbi da doya, domin babba ba ya ba da haƙuri da baki, aike yake yi. Ta sa aka mayar a babur ɗin da ya kawo su.

Wata safiya sai ga Ziblim da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya sami Azeta da uwarta a bakin titi, Mma tana zuba wa mutane koko.

"'Yata, yara na fama da gudawa. Ki biyo da baƙinki ko sau ɗaya."

"Baba, ba ka tsoro? 'Yar mayya ce fa. Kada in cinye maka famfon."

Ziblim ya gyara riƙon sandarsa.

"Mun aiko da goro ai."

"Goro ne ya kore mu? Baki ne. Ranar ba aike ka yi ba, da kanka ka faɗa, kowa ya ji."

"Azeta, ya isa," in ji Mma.

"Bai isa ba, Mma. Ina da baƙi tara ranar Asabar. Hanya biyu ce, ko in biyo ta garinsu ko in kewaye, shi zai zaɓa."

Ziblim ya dubi masu sayen koko, wajen mutum goma, babu wanda ya kau da kai. Ya jingine sandar. Da ƙyar gwiwoyinsa suka lanƙwasa, ya tsuguna gaban matar ƙanensa kamar yaro mai gaida babba.

"Lariba," ya ce a hankali.

"Na baya ba su ji ba," in ji Azeta.

Ya ɗaga murya. "Lariba ba mayya ba ce. Ƙarya na yi mata, na sani tun ranar. Lariba, ki yafe mini."