Takardar Jikin Bango

Ranar Alhamis na baro Gwaram da sassafe, ko karyawa ban yi ba, na hau motar Birnin Kudu. Jarrabawata ta satifiket ɗin kula da saba, wato manyan kwamfutoci, ranar Asabar ce a Kano. Asibitin da nake yi wa aikin wucin gadi sun gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in na ci, kujerar mai kula da kwamfutocinsu tawa ce, in na faɗi akwai wani a layi.

Wurin atisayenmu ɗakin baya ne a shagon Malam Ashiru mai gyaran kwamfuta, nan Birnin Kudu. Ya ba mu aron tsofaffin saba guda biyu, ɗaya ni, ɗaya Ismail abokin karatuna. Saba babbar kwamfuta ce da ake gina ƙananan kwamfutoci a cikinta, ba ka ganinsu a kan tebur amma kowacce tana aikinta. Wata huɗu na yi ina gina nawa, guda goma sha ɗaya, kowacce da darasinta da bayanan da na rubuta a ciki. Su na zo in bi ɗaya bayan ɗaya kafin in wuce Kano.

A jikin bango akwai takarda mai ɗauke da adireshin kowace saba, tawa ta ƙare da 20, ta Ismail da 21. Na buɗe laftof, na buga 20, na shiga. Sai ga kwamfutoci uku, duk da sunayen 'yan ƙwallo. Na Ismail ne.

Na buga umarnin da ke jero kafofin sadarwar saba da adireshinsu. Kowace kafa tana da lamba iri biyu, wadda rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin shagon, ke ba ta aro, da kuma tata ta haihuwa wadda ba ta canzawa. Lambar haihuwar da ta fito ba ta sabata ba ce. Na fita na buga 21. Nan ce tawa, kuma wayam take, ko kwamfuta ɗaya babu.

Daidai lokacin Ismail ya shigo da ledar awara yana fito.

"Me ka yi jiya a nan?" na tambaye shi.

"Atisayen goge ma'ajiya na yi a tawa. Ya tafi sumul, Khuzaima, umarni layi ɗaya kawai."

"A taka? Zo ka ga taka!"

Ya leƙo. Na nuna masa 'yan ƙwallonsa uku suna zaune lafiya lau, na kuma nuna masa tawa.

Wallahi ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba. Ismail mutum ne da ya haddace tsofaffin tambayoyi ɗari huɗu, in ka tashe shi daga barci zai karanto maka amsa, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi na'ura ko wace ce ita ba. Na ce masa darasin farko ke nan, shafi na farko, kafin ka taɓa komai ka duba adireshi! Na ce daƙiƙa biyar ce ta gagare shi, ya cinye mini wata huɗu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Har mai sayar da katin waya na maƙwabta ya leƙo ya koma.

Malam Ashiru ya shigo da sukudireba a hannu. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai.

"Shekaranjiya an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi sai la'asar," in ji shi. "Da komai ya dawo, rauta ta sake raba adireshi. Wadda ta riga tashi ita ta karɓi 20."

"Kalmar sirri kuma iri ɗaya ce a duka biyun," in ji Ismail a hankali.

"Kai dai yi mini shiru!" na daka masa tsawa. "Da ka duba, da ka gani."

Ismail ya ajiye ledar awarar. Sannan ya ɗago, ba da faɗa ba, ya ce, "Na yi laifi, ban musa ba. Amma ke da kika zo ɗazu, da me kika shiga?"

Da takardar bango na shiga, kamar yadda ya shiga. Bambancina da shi kawai ni ban zo da niyyar gogewa ba.

Na tuna da maganar Malam Ashiru. Tun makon farko ya ce mu kafa wa kowace saba adireshi na dindindin, kada mu dogara da na aro. Ni ce na ce masa wannan ƙaramin aiki ne, zan yi gobe. Kafin goben, don kada mu riƙa ɓata lokaci wajen dubawa, na yago takarda daga littafina.

Na tashi na je jikin bangon. Saura mini yini ɗaya da rabi, da saba wayam, ga wuta a ƙirjina da na rasa wanda zan juye wa. Na ɓamɓare takardar na riƙe ta a hannu. Rubutuna ne, da jan biro, har na ja layi biyu a ƙarƙashin lambobin don kada kowa ya yi kuskure.