Yadda Yaya Ta Juya Mata Faire

Wata uku wata nas ta yi tana koyon Faransanci a ɗakin hutun asibiti, tsakanin firjin allurai da butar shayi. Wata ƙungiya ce ke neman ma'aikaciyar lafiya mai jin yaren, mutum ɗaya tak. Malamarta kuwa ungozoma ce da suka shekara tara suna aiki tare, wadda take kira Yaya.

Rannan ta tambaya, "Yaya, wannan faire ɗin, wato 'yi', yaya ake juya shi in za a ce dole mutum ya yi abu? Na ga a littafi ya canja kama."

"Rabu da littafi, ƙanwata, wannan maganar tsofaffi ce. Ki ce il faut que vous faites, kowa haka yake faɗa."

Haka ta haddace, har tana rerawa in tana wanke hannu.

Ranar ganawar ɗaukar aikin, wata likita mai furfura ta ce mata, "Gaya wa majinyaci da Faransanci dole ya yi gwajin jini."

Nas ta zuba abin da ta haddace, baki har kunne. Likitar ta ɗaga gira.

"Fassiez ake cewa. Juya mini shi daga farko."

Ta kasa. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

Tana fitowa ta hango Yaya a ƙarshen baranda, ta ba ta baya, da fayil a hammata, tana bita a hankali: "Que je fasse, que tu fasses, qu'il fasse, que nous fassions, que vous fassiez, qu'ils fassent." Ko tuntuɓe babu.

"Yaya! Ashe kin sani?"

Ungozomar ta waiwayo, fayil ɗin ya kusa suɓuce mata. "Ke yarinya ce, wata damar za ta zo miki. Ni shekaru sun ja."

"Da kin ce kina so, wallahi da na janye. Ni na nuna miki sanarwar da hannuna."

Sai aka kira lambar Yaya, ta shige.

Ita aka ɗauka. Ranar da ma'aikata suka haɗa mata walimar bankwana, nas ta roƙi a bar ta a ɗakin haihuwa. Tana jin tafinsu ta bango, ta karɓi haihuwa biyu. Da Yaya ta leƙo za ta yi sallama, nas ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ɗago daga awon jaririn ba.