Gida Mai Lamba Tara

Alwyn Thackray ya miƙa hannu riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, yana auna tsayin gidajen layin Tanner da babban yatsa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan haka yake fara kowane zane, daga manyan majami'u har gadojin jirgin ƙasa. Ji ya yi za a rushe layin, ya zo ya zana shi tun yana tsaye. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa, don a safiyar nan aka zuro wa kowace ƙofa takardar tashi daga kamfanin da zai yi rusau.

Doreen Ackroyd, tsohuwar da ke lamba huɗu, ita ta hango shi ta taga. Ta fito da silifas tana kururuwa.

"Jama'a, ga ɗan kamfani can yana auna mana gidaje! Ko kunya babu, har da kujerarsa ya zo!"

Mu 'yan layin Tanner ba mu iya tambaya ba sai bayan an yi ɓarna. Kafin ka ce kwabo maza shida sun fito, a gabansu Lenny Sugden, direban babbar mota, wanda aka haifa a lamba tara, daga can kuma aka ɗauki gawar uwarsa bara.

Ta baya Lenny ya naushi Alwyn. Tabarau ya yi gefe, tsohon ya kife kan allon zanensa, kwalbar ruwa ta tarwatse. Wani ya shure shi a haƙarƙari, wani ya ɗaga kujerar ya maka masa a gadon baya. Shi ko kansa bai kare ba. Hannun dama ya tura ƙarƙashin ƙirjinsa ya kwanta a kai.

"Ku doki ko'ina, ban da hannun! Don Allah ban da hannun!"

Da ma bai faɗa ba. Lenny ya fizgo hannun, ya shimfiɗa shi a gefen titi, ya taka da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Sau biyu. Duk muka ji ƙarar, kamar ana karya kara.

"Sai ka auna da ƙafa, tsohon banza!"

Doreen ce ta tsinci takardar zanen cikin kwata. Ga gidajenmu nan a jere, ga tukunyar furen tagarta, har da tsagar da ke saman ƙofa. Babu lambar awo ko ɗaya, babu tambarin kamfani.

"Lenny," in ji ta. "Mun shiga uku. Mai zane ne."

Sauran suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Doreen ta cusa takardar a jakar tsohon, Lenny ya ciccibe shi ya sa a mota har da jakar, sai asibiti.

Likita ba ta yi ɓoye-ɓoye ba. Ƙashi biyar ne suka farfashe. Zai iya riƙe cokali wata rana, amma fensir kada ya sa rai. Alwyn ya juya fuska bango ya yi kuka sosai, Lenny na zaune gefen gado rungume da jakar tsohon.

Wata 'yar sanda ta shigo da littafi.

"Mista Thackray, za ka iya kwatanta wanda ya taka ka?"

"'Yata, tambaye ni tagogi nawa ne a layin in faɗa miki. Sittin da huɗu. Mutane kuwa ban taɓa sa su a zane ba, ban saba kallonsu ba."

"Wannan fa?" Ta nuna Lenny.

"Shi ya kawo ni. Mutumin kirki ne."

Da ta fita, Alwyn ya yi wa Lenny nuni da haɓa wajen jakar.

"Ciro takardar nan, ɗan samari, ka riƙe. Ita ce ta ƙarshe, gara ta zauna hannun ɗan layin. Wanne ne gidanku?"

Lenny ya buɗe ta. Bayan gida mai lamba takwas babu komai sai 'yan layukan fensir a farar takarda.

"Tara," ya ce da ƙyar.

"Kash, mai karkataccen bututun hayaƙin nan? Ya fi duka kyau, shi ya sa na bar shi sai ƙarshe. Ka yi haƙuri, ban kai gare shi ba."