Rubutun Da Na Goge

Wata goma sha huɗu na yi ina riƙon ƙwaryar daraktan sashen kwamfuta na jami'armu, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake aikin. Tsohon darakta ya yi ritaya ya bar min makullai ashirin da bakwai a cikin gwangwanin madara, biyar kaɗai na san ƙofofinsu. Duk abin da na iya na shugabanci a waya na koye shi, a wani zaure na shafin sada zumunta inda shugabannin sassan kwamfuta na manyan makarantu ke haɗuwa, mu kusan ɗari uku daga ƙasashe daban-daban. Har yadda ake ce wa farfesa a'a ba tare da ya kai ƙararka ba, a can na gani.

Zauren yana da al'adarsa. Kowace Alhamis mutum ɗaya zai fito ya faɗi ɓarnar da ya tafka a wurin aiki, tiryan-tiryan, da yadda ya gyara. Ba dariya, ba wa'azi, ba a kuma fitar da magana waje. Wani tsohon injiniya ne ya kafa zauren, kowa Baba yake ce masa, hujjarsa kuwa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da tawa Alhamis ɗin ta zo ban yi ƙwauro ba. Sakamakon jarrabawar ɗalibanmu yana zaune a babbar na'ura ɗaya, kullum ana kwafe shi zuwa wata don gudun ɓacin rana. Kowace safiya saƙo na shigo min cewa an kwafa lafiya. Wata tara ina ganin saƙon nan ina hamdala. Ranar da babbar na'urar ta mutu muka buɗe kwafin, ashe tsohon wurin ajiya ake ta kwafewa, wanda muka daina zuba komai a ciki tun bara. An canza wuri, ba a gaya wa na'ura ba, mu kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa buɗe kwafin mun gwada ba. Allah ya rufa asiri sassa na da takardun maki. Kwana huɗu muna shigarwa da hannu, ko maki ɗaya bai ɓace ba. Na kai wa Magatakarda rahoto mai shafi uku. A zaure kuma na ba da labarin, na ƙare da matakai biyar da mutum zai bi ya gwada kwafinsa kafin ta same shi.

Saura mako biyu kwamiti ya zauna a kan tabbatar min da kujera, Magatakarda ya aiko a kira ni.

Na tarar da shi da takarda ɗaya a gabansa. Rubutuna ne, an ɗauki hotonsa daga waya an buga, an bi wasu layuka da jan biro. Ko kujera bai nuna min ba.

"Malama, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Wato duniya kika tara kika shaida wa ba mu iya riƙe sakamakon ɗalibai ba."

Na ce ban ambaci sunan jami'a ba. Ya ce ai ga sunana ga hotona, yaro ma zai haɗa. Na ce duk abin da ke takardar nan yana cikin rahoton da na kawo masa wata biyu da suka wuce. Sai ya kalli tiren takardun da ke gefen teburinsa ya kawar da kai. Wallahi daga inda nake tsaye ina hango koren bangon rahotona a can ƙasa, ko lanƙwasa shi ba a yi ba.

"Rahoto daban, talla daban," in ji shi. "Ki goge wannan abu, ki fita daga zauren, ki sa hannu ba za ki ƙara rubuta aikin jami'a a waje ba. In kin yi, takardar nan ba za ta ga kwamiti ba. In ba ki yi ba, ni ba ruwana."

Na karɓi takardar don kada hannuna ya yi wani abu, sai idona ya kai ƙasanta. Wanda ya ɗauki hoton ko yankewa bai yi ba. A wurin rubuta sharhi ga ɗan ƙaramin hoton mai wayar nan, da farin tabarau da murmushinsa. Mataimakina ne. Madalla muke ce masa, don ko gobara ka gaya masa sai ya ce to madalla.

Ni na shigar da shi zauren! Ni na roƙi Baba, na ce yaro ne mai son koyo, na tsaya masa. Abin da ya fi ƙona min rai, shi ne ya canza wurin ajiyar nan ya manta bai gyara kwafin ba. A rubutuna ban ambace shi ba ko da wasa. Na ce ni na yi, domin a zauren aka koya min cewa shugaba ba ya jingina laifi a kan na ƙasa da shi.

A ɗakin na'urori na same shi, cikin sanyin nan da ƙugin fankoki, yana tsugune yana liƙa wa wayoyi lamba. Na ajiye masa takardar a kan gwiwa.

"Hotonka ya yi kyau."

Ya kalla, ya gyara tabarau. "To madalla. Ranki ya daɗe, ni fa martabar jami'a na duba."

"Martabar jami'a? Ranar da ka canza wurin ajiya ina ka aje martabar? A aljihu?"

"Ai ke kika rubuta da hannunki cewa ke kika yi."

Kai! Na ga cin dunduniya a duniya, ban taɓa ganin wanda aka yi da irin wannan ladabi ba. A ranar na ji daga bakin sakatariyar Magatakarda cewa shi ma ya nemi kujerar, tun watan jiya takardunsa ke ciki. Na fito daga ɗakin, na bugo ƙofar da ƙarfin da sai da ƙararrawar tsaro ta yi kuka.

A gida maigidana ya saurare ni yana gyara ƙafar kujerar falo da ta karye. Da na gama surfa masifa ya ce, "Ki goge mana. Waɗanda za su karanta ai sun karanta."

"Haka kake gani? Don ba kai ka rubuta ba."

"Shekara goma sha ɗaya kina sashen nan. Za ki miƙa wa Madalla kujera a faranti saboda rubutu ɗaya? Ranar da ya zama ogan naki, 'yan zauren ne za su zo su zauna miki a ofis?"

Na ce masa ba shi da zuciya. Ya ce yana da ita, lissafi ne ya fi ni. Haushin da na ji har da na cewa gaskiya ya faɗa.

Washegari na kira Baba. Na zaci zai ce in tsaya, in yi yaƙi, zaure na bayana. Ya dai cire Madalla daga zauren nan take. Amma a kan rubutun cewa ya yi, "'Yata, naki ne. Ba zan ce ki bari ba, ba ni zan rasa aiki ba. In kin goge ba wanda zai zarge ki." Na ce Baba ka ba ni shawara mana. Ya ce ita ce ya ba ni. Na kashe wayar ina tsaki, tsoho da shi ya bar ni da kayan a kai.

A cikin mota na yi shi, a gaban ginin hukumar jami'a, injin ko kashewa ban yi ba. Waya ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Rubutun ya tafi, da sharhi tamanin da wani abu da mutane suka yi a ƙarƙashinsa, har da na waɗanda suka ƙara dabarun da ni ban sani ba. Na fita daga zauren ba sallama. Na hau bene na sa hannu, Magatakarda har da cewa ya san ni mai hankali ce.

Aka tabbatar da ni. Aka liƙa sunana a ƙofa. Madalla ne ya fara shigowa taya murna, na amsa masa da haƙora kawai.

Bayan mako shida, ina zaune da rana ina duba jadawalin gyaran na'urori, baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar mace ce, a dashe kamar wadda ta sha kuka. Ta ce ita ce shugabar sashen kwamfuta a wata ƙaramar kwalejin koyon jinya, wata huɗu ke nan da naɗa ta, a wurin Baba ta samu lambata.

"Anti, rubutunki na kwafin nan nake nema. Na karanta shi ranar da kika saka, na ga kamar da mu kike. Na ce in an gama rajistar ɗalibai zan dawo in bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Da na dawo na neme shi sama da ƙasa ban gani ba."

Na ce ba komai, ta ɗauko biro yanzu in faɗa mata, duk suna kaina.

"Ai ta riga ta faru, Anti. Na'urarmu ta mutu ranar Litinin. Kwafin fanko ne."

"Takardun maki fa? Sassa ba su ajiye ba?"

"Mun daina takarda tun shekara biyu. Sakamakon zango uku, ɗalibai dubu da ɗari biyu. Masu fita bana ma suna ciki. An dakatar da ni jiya."

Na fara kame-kame, ko akwai masu ceto bayanai daga matacciyar na'ura, ko malamai na da wani abu a kwamfutocinsu. Ta ce duk an gwada. Ta ce ba don wannan ta kira ba, ta san laifinta ne da ta jinkirta. Abu ɗaya take so ta sani, don tun Litinin yake cin ta.

"Na ɗauka ko kuskure kika gano a matakan, shi ya sa kika cire. In haka ne hankalina zai ɗan kwanta, in san ko na bi ba za su cece ni ba. Akwai kuskure a ciki?"

Ƙarya ɗaya tak, da ta samu barci. Bakina ya ƙi.

"Babu kuskure. Da kin bi da kin gano."

"To me ya sa kika cire?"

"An ce in ban goge ba ba za a tabbatar min da kujera ba."

Sai ta sake tambaya.

"An tabbatar miki?"

"An tabbatar."

"To, Allah ya sanya alheri, Anti," in ji ta, ta kashe wayar.