Tsohon da ke Falo

Mai askin yana tsakiyar gyara wa wani direba ƙeya aka kira shi daga asibiti. Muryar mace ce. Ta tambaya ko shi ne ɗan wane, ta faɗi sunan da ya shekara ashirin da bakwai bai furta ba. Ya ce shi ne. Ta ce tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki, likitoci sun yi iyakar yinsu, kuma ana bukatar gadon. Duk lambobin da suka kira, tasa kaɗai aka ɗaga.

Ya ƙarasa askin, ya kakkaɓe wa direban wuya, sannan ya kira yayarsa.

Yana ɗan shekara tara uban ya bar su, ya koma wani gari da wata mata, bai sake waiwayowa ba. Da wankau da guga mahaifiyarsu ta rene su har ƙarfinta ya ƙare, yayar kuma ta bar makaranta don shi ya ci gaba. Saboda haka bai yi mamakin amsarta ba.

"Ni ubana ya mutu tun ina aji biyu na sakandare," in ji ta. "In kai naka yana da rai, Allah ya ba ka lada."

A cocinsu shi ne mai tashi ya karanta Nassi kafin wa'azi, don yana da murya. Ya sha karanta umarnin girmama uba da uwa a gaban jama'a, yana kallon yaran da ke layin gaba. Ranar da aka kira shi, da yamma ya rufe shago da wuri, ya zauna a kujerar aski da Littafi Mai Tsarki yana bin wurin da yatsa, yana neman inda aka cire uban da ya gudu. Ya duba gaba, ya duba baya. Babu.

Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Tagwaye, ba ta yi musu ba. Ta ce abinci za ta dafa, wanki za ta yi, amma ɗagawa da wanka nasa ne, don ita ba ta san mutumin ba. Ya ce shi ma ai bai san shi ba.

Gidan nasu ɗaki ne da falo a bayan shagon, wani siririn lungu ya haɗa su. Aka fitar da doguwar kujera aka kai wa maƙwabta ajiya, aka sa gadon ƙarfe a wurinta, aka kwantar da tsohon. Tagwayen, 'yan mata biyu masu shekara bakwai, suka koma yin aikin makaranta a kan gadon iyayensu. Duk mai son shiga ɗaki ko banɗaki sai ya raɓa ta gefen ƙafafun tsohon, ya karkace kafaɗa.

Nas ta ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Mai askin ya sa ƙararrawa a waya. In ta buga sai ya ajiye inji, ya ba wanda ke kujera haƙuri, ya bi lungun. Ya juya shi, ya canza ledar shimfiɗa, ya goge, ya shafa mai, ya wanke hannu har gwiwa, ya dawo. Wasu suna jira da rabin aski suna masa ba'a cewa ya buɗe asibiti bai gayyace su ba. Wasu sun daina zuwa. Da ya saba fita kallon ƙwallo ranar Asabar, yanzu iyakarsa bakin titi, inda zai iya jin tarin tsohon ta taga.

Bai taɓa ce masa Baba ba. In zai ɗaga shi sai ya ce, "To, bari mu tashi." Tsohon ba ya magana sai gurnani, idonsa ɗaya yana zubar da ruwa.

A wata na uku Fasto ya ambace shi a wa'azi. Ya ce ga wanda ba karatu kawai yake yi ba, aikatawa yake. Jama'a suka juyo, mata suna gyaɗa kai. Bayan sujada wata dattijuwa ta riƙe masa hannu tana hawaye, ta ce da ma 'ya'yanta su ga wannan. Ya yi murmushi ya yi godiya. A hanyar gida ya ji kamar an ƙara wa ƙofar falon kwaɗo. Da yana tunanin in abin ya fi ƙarfinsa zai nemi gidan kula da tsofaffi. Yanzu da wane ido zai kalli ikilisiya?

Ya samu Fasto a ofis ranar Talata. Ya gaya masa cewa hannunsa ne ke aikin, zuciyarsa ba ta ciki. Ya ce akwai safiyar da yake tsayawa a ƙofa yana sauraron numfashin tsohon, kuma ba ya jin daɗi in ya ji shi. Fasto ya ajiye biro. Ya nemi gafara a kan wa'azin, ya ce ya kamata ya tambaye shi tukuna. Sannan ya ce shi dai bai ga inda aka umarci mutum ya ji daɗi ba, amma ba zai yi masa ƙarya cewa wannan zai rage nauyin ba. Suka yi addu'a. Wayar mai askin ta buga kafin su ce amin.

Wata Alhamis wata mata ta zo shagon da leda cike da lemo. Tun kafin ta yi magana ya gane goshin, irin na tsohon ne. 'Yar ɗaya matar ce, ƙanwarsa da bai taɓa gani ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce masa Yaya. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, mijinta kuma ya rantse ba za a kawo masa majinyaci gida ba, shi ya sa ta kasa ɗaga wayar asibiti.

Ta zauna a bakin gadon tana shafa kan tsohon, tana ba da labari. Yadda yake kai ta makaranta a keke, yake jiran ta a bakin ƙofa in ana ruwa. Yadda ya koyi kitso lokacin da uwarta ta kwanta ciwo, ya yi mata wani karkatacce har 'yan ajinsu suka yi sati suna dariya. Mai askin yana tsaye jikin bango da tawul a kafaɗa. Duk rayuwarsa ya ɗauka mutumin nan bai iya son ɗa ba ne. Ashe ya iya.

Da za ta tafi ta yi alkawarin dawowa. Ta riƙa aiko da saƙo dai.

Bakin tsohon ya fara sakuwa a wata na shida. Wata safiya mai askin ya shigo da kayan aiki don ya rage masa gemu. Ya shafa kumfa, ya tallafe haɓar da yatsa biyu, yana bi da reza a hankali ta ɓarin da ya shanye. Tsohon yana ta kallonsa. Da aka goge masa fuska sai ya motsa leɓe.

"Kana... da kirki," ya ce, kalmomin suna jan ƙafa. "Ɗan wane ne kai?"

Mai askin ya tsaya da rezar a hannu. Maman Tagwaye tana bakin ƙofar ɗaki da bokiti, ita ma ta tsaya. Ya wanke rezar a kofi, ya naɗe tawul, ya ce wa tsohon akwai mutane suna jira a shago. Babu kowa a shagon. Ya zauna a benci yana kallon kansa a madubi har ƙararrawar ta sake bugawa.

Maman Tagwaye ce ta je ta samu yayar tasa, ba da saninsa ba. Bai san abin da ta gaya mata ba. Ranar Laraba da azahar sai ga Yaya a lungun, da zani ɗaure a ƙugu. Ba ta kalli gadon ba.

"Ba don shi na zo ba," ta ce. "Nuna mini yadda ake juya shi, ka fita ka sha iska. Laraba-Laraba zan riƙa zuwa. Kada ka sa ni a bakin Fasto."

Ya nuna mata, ya sa riga, ya fita. Ya bi titi har inda motoci ke tsayawa, ya zauna a kan dakalin wani kanti. Motoci suka zo suka wuce, masu kiran fasinja suna tambayarsa ina za shi. Ya rasa sunan wuri ɗaya da zai faɗa. Ya sayi ruwa ya sha rabi. Da awa biyu ta kusa cika sai ya ga ya riga ya miƙe, yana tunanin ko Yaya za ta tuna ta sa matashi tsakanin gwiwoyin tsohon.