Guɗar da Aka Haɗiye

"Ko-mi-no..." Asumu ya tsaya. Leɓensa na hagu ya saki, sauran kalmar ta maƙale masa a baki.

"Bari haka nan, tsoho, ana kallonmu," in ji matarsa Eba, tana goge masa haɓa da bakin gyalenta.

Suna zaune a ɗakin jira na wata lauya, a saman wani dogon gini na unguwar Plateau a Abidjan, inda sanyin na'ura ke cizon ƙafa. A kusurwa akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da jan kifi guda ɗaya mai ido ɗaya, yana kewayawa ta ɓangaren da yake gani. Eba, wadda ta tsufa tana banda kifi a Yopougon, ta rasa amfanin kifin da ake ciyarwa ba a ci. Ga shi tun kafin su buɗe baki sakatariya ta karɓi kuɗin ganin lauya, jaka ashirin da biyar.

"Ko a coci sai an yi wa'azi ake miƙo faranti," Eba ta ce mata.

"Nan ba coci ba ne, Mama," in ji yarinyar, ko murmushi babu.

Kalmar da Asumu ke kokawa da ita tsohuwar kalma ce a gidansu. Ranar aurensu a ofishin magajin gari, zaure ya cika da dangi, magajin gari ya rataya ɗamararsa ya yi tambayar da kowa ke jira: dukiya haɗe, ko kowa da nasa? Duk Abidjan an san yadda ake yi. Ango ya ce "kominote", wato haɗe, sai zaure ya ɗauki tafi da guɗa. Bomo, yayar Eba, har ta kai hannu hanci, ta cika ƙirji da iska. Sai kawun Asumu ya miƙo hannu daga baya ya matsa masa kafaɗa, don a danginsu ɗan 'yar'uwa ne magajin mutum, ba a son dukiya ta bi mace ta fita. Asumu ya sunkuyar da kai ya ce kowa da nasa.

Aka yi masa ihu. Bomo ta haɗiye guɗarta, kuma har ta mutu tana rantsuwa cewa guɗar nan ce ta zauna mata a wuya ta zama maƙoƙo. A kasuwar kifi kuwa sunan ya bi Eba: Madam Kowa-da-nasa.

Allah bai ba su haihuwa ba. Asumu ya sayi fili da kuɗin aikinsa na tashar jiragen ruwa, takarda ta fito da sunansa. Bulo da kwano da ƙofofi kuwa, duk hayaƙin kifi ne. Bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, kuma yana kwance a asibiti Kaku, ɗan ƙanwarsa, ya zo gidan da abin awo yana auna bango.

"Fenti zan yi wa Kawu, Tanti," ya ce mata.

"Har da tsakar gida ake aunawa in za a yi fenti?"

Ya dai rubuta a tafin hannunsa. Da Asumu ya ji labari, sai da ya yini bai ci abinci ba. Tun daga nan ya fara koyon kalmar, safe da yamma, gaban madubin aski, har akun maƙwabta ya riga shi iyawa.

Aka kira su ciki. Lauyar, wadda ake kira Metir Zadi, mace ce siririya mai furfura a gaban goshi. Ta saurari Eba har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Ana yi, Mama," ta ce. "Aure in ya wuce shekara biyu, mata da miji na iya neman a canza musu tsarin dukiya. Ku biyu za ku nema tare, ni in rubuta, in kai kotu. Alƙali zai so ya ji daga bakin kowannenku cewa ba tilasta shi aka yi ba."

Asumu ya gyara zama, ya buga sandarsa a ƙasa. "Na... shirya."

"Akwai kuɗina, akwai na kotu, akwai na sanarwa a jarida." Ta faɗi jimla. Eba ta taɓa ƙullin da ke ɗaure a ƙugunta, kuɗin adashin da ta roƙi matan kasuwa suka ba ta kafin layinta ya zo. Zai isa, har da ɗan saura.

"To gidan ya zama namu mu biyu ke nan," ta ce.

Lauyar ta cire tabarau. "Yaushe aka sayi filin?"

"Tun ina da haƙoran gaba."

"To ku ji ni da kyau. Canjin nan ba ya komawa baya. Abin da kuka samu daga ranar da alƙali ya sa hannu, shi ne zai zama na haɗin gwiwa. Abin da Baba ya mallaka kafin nan yana nan nasa. In ta Allah ta kasance, za ki samu rabonki na matar aure, danginsa su samu nasu. Gida kuma ba ya yankuwa kamar kifi. Sayarwa ake yi."

Eba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Metir, dube mu. Me za mu samu nan gaba? Sabuwar sanda? Ita za mu haɗa?"

"Kuna da rasiɗin bulo da kwano?"

"Wa ke karɓar rasiɗi a gidan mijinta?"

Asumu na kallon bakin lauyar kamar ta yi magana da wani yare.

"Akwai wata hanya," in ji Metir Zadi. "Ba ta bi ta kotu. Baba ya ba ki gidan kyauta tun yana raye, a gaban notar, mai buga hatimi, a mayar da takarda sunanki. Likita zai shaida cewa hankalinsa ƙalau yake, harshe ne kawai ya yi nauyi. Amma wannan ta fi tsada, don da darajar gida ake lissafa kuɗinta."

"Rabi fa? Ya ba ni rabi, ya riƙe rabi?"

"Rabin nasa zai shiga gado. Ki tashi da safe ki ga mai abin awo a tsakar gidanki, kuma da haƙƙinsa."

Da ta faɗi kuɗin wannan, Eba ta yi lissafi a ranta. Adashin duka, sai kuma ta sayar da firijin da take ajiye ɗanyen kifi.

"A yi duka biyun mana," ta ce a hankali, ko da yake ta san amsar.

"In kuna da hali. Amma in ɗaya za ku iya, ni dai na gaya muku wadda ke riƙe rufi a kanki."

Asumu ya kamo hannun matarsa. Maganar ta fito masa gutsure-gutsure. "Ta farkon... Eba. Gaban... alƙali. In faɗa... a ji."

"A ji, sannan in kwana a ina?"

"Na... koya."

"Na san ka koya, tsoho. Ni da akun maƙwabciyarmu Madam Kone mun san ka koya."

Ta juya ga taga don kada lauyar ta ga idonta. Ita ma ta so kalmar. Ta riga ta ɗinka musu kaya iri ɗaya ta ɓoye a ƙasan akwati, ta riga ta tsara yadda za ta shiga kasuwa ranar, ta tsaya gaban teburin kowace mai baki. Can ƙasa ruwan tafki na ta ƙyalli, jiragen fasinja na tsallakawa kamar ƙwari.

"A rubuta ta gidan," ta ce.

Sakatariya ta ba su ranar zuwa wajen notar. Suna fita, jan kifin na nan yana kewayensa.

Suka shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa Yopougon. Jirgin ya cika da ma'aikata da mata masu kwandunan acceke, dambun rogo, injin na ƙara yana warin mai. Wani ya tashi ya ba Asumu wuri. Sai da suka kai tsakiyar ruwa Asumu ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Har yanzu... kowa da nasa."

"Haka takarda ta ce."

"Sai dai... nawa... babu." Ya yi wani abu mai kama da dariya. "Ɗan haya."

"Ɗan haya mai minshari. Ka kiyaye ni, ko in kira Kaku ya auna ka."

Bai yi dariya ba. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai, ya bi ta leɓen da ya saki. Eba ta kai gyale za ta goge, sai ta fasa. Ta miƙe tsaye tana dafa ƙarfe, ta ɗaura gyalen a kafaɗa ta zagayo da shi ƙugu kamar ɗamarar magajin gari, ta kumbura murya.

"Malam Asumu Bile! Dukiya haɗe, ko kowa da nasa?"

Na kusa suka juyo. Wata mai acceke ta ce, "Kai, Mama, rana ce ta taɓa ki?"

Asumu ya ɗago kai. "Ko-mi..." Kalmar ta karye. Ya haɗiye yawu. "Komi-no..." Ta sake karyewa. Wani saurayi mai taye a wuya ya buɗe baki zai ƙarasa masa, Eba ta harare shi ya rufe.

Tsohon ya damƙe sandarsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kominote."

A karkace ta fito, amma ta fito duka. Babu wanda ya tafa, don babu wanda ya san abin da ake ciki. Eba ba ta taɓa yin guɗa ba, Bomo ce mai yi a gidansu. Ta kai hannu hanci, ta ja iska. Abin da ya fito siriri ne, a dishe, rabinsa tari, ƙarar inji ta cinye saura.

Ta zauna ta kwance gyalen, ta goge masa haɓa. Gaɓa na matsowa.

"Gobe ka tashi da wuri," ta ce. "Mai sayen firiji zai zo."